Gidan Da Ake Jinyar Yaro Mai Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda kuma ake kira sankara ko kansa, cuta ce da ke aukuwa idan wasu ƙwayoyin halitta na jiki suka kauce wa tsarinsu, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka danne lafiyayyu, kuma ko da yake an fi saninta a jikin manya, tana kama yara tun daga na goye har zuwa waɗanda suka balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 'yan ƙasa da shekara 20 ne ke kamuwa da ita duk shekara, kuma yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. An saba ɗora alhakin wannan tazara a kan ƙarancin likitoci da na'urori da magunguna, kuma hakan gaskiya ne, sai dai akwai ɓangaren da ba a cika dubawa ba, wato gidan da yaron ya fito. Maganin yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kuma kwanakin da yaro ke yi a gadon asibiti kaɗan ne in an gwada da waɗanda yake yi a ɗakin uwarsa ko a kan hanya, saboda haka abin da iyali suka iya ko suka kasa a waɗannan kwanaki yana cikin abubuwan da ke yanke ko maganin zai kai gaci.

Nau'o'in da likitocin yara suka fi cin karo da su a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sanannu ne. Akwai limfomar Burkitt, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki mai bayyana da kumburin muƙamuƙi ko na ciki, wadda likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya lura da ita a jikin yara a Yuganda, kuma tana da alaƙa da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro tare da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Saurin girmanta ya kai ƙarin ya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma tana cikin masu saurin jin magani. Akwai ƙarin Wilms, wanda ke fitowa a ƙodar ƙananan yara, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin taurinsa a gefen ciki yayin da take yi wa yaro wanka. Akwai sankarar ido, wadda alamarta ta farko wani fari ne a tsakiyar ƙwayar ido da ake iya ɗauka hakiya ce, sannan akwai sankarar jini, wadda ke farawa a ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, ta bayyana da zazzaɓi mai yawan dawowa da ɗashewar jiki da ciwon ƙashi da haɓo.

Duk waɗannan alamu suna kama da na cututtukan da aka saba da su, irin su maleriya da sikila da hangum da ciwon haƙori, shi ya sa iyali kan yi makonni ko watanni suna kai kawo tsakanin kemis da ƙaramin asibiti da mai maganin gargajiya, wani lokaci har wanzami ya yi tsaga a kan kumburin, kafin wani ya ce a tafi babban asibiti. Akwai kuma daɗaɗɗiyar maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura, wadda ta hana mutane da yawa zuwa da wuri, alhali kuwa abin da ya sa ake ganin ciwon ya tsananta bayan an je asibiti shi ne an je ne bayan ya riga ya ci jiki. A ranar da aka faɗa wa iyaye sunan cutar, yawanci ajiyarsu ta riga ta tafi a wannan yawo, kuma zukatansu cike suke da tambayar ko laifinsu ne. Amsar likitoci a nan ba ta da harshen damo: a mafi yawan yara ba a san musabbabin cutar ba, ba abinci ko sakacin uwa ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a shimfiɗa ɗaya.

Ginshiƙin maganin shi ne kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, waɗanda ake bayarwa ta jijiya ko ta baki ko ta allurar ƙashin baya, zango-zango, ana barin makonni biyu ko uku a tsakani domin jiki ya farfaɗo. Limfomar Burkitt takan ɗauki 'yan watanni. Ƙarin Wilms kan buƙaci kemo na kimanin mako huɗu kafin a cire ƙodar, sannan a ci gaba bayan tiyata. Nau'in sankarar jini da aka fi samu a yara kuwa yana cin shekara biyu zuwa uku, inda mafi tsawon lokacin yaro yana gida yana shan ƙwaya kullum. Wasu yara suna buƙatar gashi, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi daga na'ura, kuma wuraren yinsa ƙalilan ne, daga ciki akwai Zariya da Sakkwato da Abuja, yayin da Jamhuriyar Nijar ba ta samu cibiyarta ta farko ba sai a 2021 a Yamai. Daga ranar da aka fara, lissafin kwanakin gida yana komawa kan ranar gwajin jini da ranar allura, ta yadda biki da suna da cin kasuwa, har ma da shuka da noman farko, duk sai an auna su da abin da aka rubuta a katin asibiti. Kuma ranar da aka rubuta ɗin ma ba tabbas ba ce, domin idan gwaji ya nuna jinin yaro bai hau ba, sai a ɗage allurar, iyalin da suka biya kuɗin mota daga nesa su koma ko su nemi wurin kwana.

A asibitocin Nijeriya mai jinya rabin ma'aikaci ne, kuma kusan koyaushe uwa ce. Ita ce ke yi wa yaro wanka da wanki, ta riƙe shi lokacin da ake neman jijiya a hannun da ya sha huda, ta sa ido a kan robar ƙarin ruwa domin ta kira ma'aikaciyar jinya kafin ta ƙare, da dare kuma ta shimfiɗa tabarma a gefen gado ko a baranda. Idan tana da goyo, dole ta zaɓi tsakanin shigo da jariri cikin ɗakin marasa lafiya da yaye shi kafin lokaci, idan kuma tana da juna biyu akwai buƙatar ta yi hattara da fitsari da aman yaron a kwana biyun farko bayan kemo, domin ragowar maganin yana fita ta cikinsu. Uba shi ke fama da waje, wato layin biyan kuɗi, da kai jini ɗakin gwaji, da zagaya shagunan magani da takarda a hannu idan babu maganin a asibiti, da neman mai ba da jini, tunda galibi sai dangi sun kawo wanda zai bayar kafin a saki leda ɗaya, yaro mai sankarar jini kuwa yana iya buƙatar ƙarin jini sau da yawa. A farko 'yan'uwa da abokai suna zuwa da kansu, amma bayan karo na uku ko na huɗu sai uba ya fara jin nauyin sake kiran mutanen da suka riga suka taimaka.

Mafi haɗarin lokaci a wannan jinya yana zuwa ne bayan an sallamo yaro gida. Kemo ba ya bambanta ƙwayoyin sankara da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma adadin waɗannan yana faɗuwa ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, ta yadda ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro ba zai ko ji ta ba za ta iya shiga jini ta yi kisa cikin sa'o'i. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce, da zarar zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyus, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin kimanin sa'a ɗaya da isa. Wannan ƙa'ida tana cin karo da abin da kowace uwa ta saba, wato ta taɓa goshin yaro da bayan hannu, ta ba shi farasitamol, ta jira gari ya waye a sayo maganin maleriya, alhali farasitamol yana rufe zazzaɓin ne kawai, asfirin da ire-irensa kuwa suna ƙara haɗarin zubar jini. Saboda haka ma'aunin zafin jiki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana cikin muhimman kayan gidan, haka ma lambar wayar mai babur ko mai mota da ya yarda a tashe shi da dare, da ɗan kuɗin da aka ƙulle aka ajiye ba a taɓawa ko da an rasa na cefane. Iyalin da ke zaune a ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa da dare, saboda ruwan damina ko saboda tsoron 'yan bindiga, suna rayuwa ne da sanin cewa wannan ƙa'ida ta fi ƙarfinsu.

Dubiya tana cikin kyawawan al'adun Hausawa, kuma gidan da ba a shigo an ce "ya mai jiki?" ba yakan ji an yashe shi, amma ɗakin da ya cika da mata da yara masu mura da tari haɗari ne ga yaron da garkuwarsa ta faɗi, musamman ƙyanda da ƙarambau, waɗanda ke iya yi masa mummunan kamu. Uwa ba ta iya hana surukarta ko maƙwabciyarta shiga ɗaki ba tare da an ce ta yi wulaƙanci ba, don haka ya fi sauƙi maigida ko kaka su ɗauki nauyin bayani, a karɓi masu dubiya a tsakar gida, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Haka kuma yaron da ke kan kemo ba a ba shi rigakafi masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, irin su ɗigon shan-inna na baki da allurar ƙyanda, sai likitansa ya ba da izini, ba don rigakafin yana da aibu ba, sai don jikinsa a lokacin ba shi da ƙarfin karɓarsa. 'Yan'uwansa kuwa a cika musu nasu bisa shawarar likitan, domin kariyarsu kariya ce gare shi.

Abinci wani fagen fama ne na kullum. Kemo yana kawo tashin zuciya da gyambon baki da canjin ɗanɗano, har yaro ya ƙi tuwon da ya fi so, alhali yaron da ya rame ya fi shan wahalar magani kuma ya fi saurin kamuwa da cuta. Abin da ya fi shiga shi ne abu mai laushi, marar yaji, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar kunun gyaɗa da alale da dafaffen ƙwai da faten wake, tare da ruwan da aka tafasa, a kuma guji nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ganye da abincin da ya kwana a buɗe. Idan aka shiga zangon firednisolon, wato ƙwayar da ake haɗawa da kemo a sankarar jini da limfoma, sai lamarin ya juye: yaro ya tashi uwarsa da tsakar dare yana kukan yunwa, kumatunsa su cika, ya zama mai saurin fushi da duka, masu dubiya kuma su ga ƙibar su yi hamdala cewa ya warke. Iyayen da aka yi wa bayani tun da wuri cewa wani maganin yana mai da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, wani yana ɗaure ciki, kuma gashin da ake tsinta a kan matashi zai sake tsirowa, sun fi samun natsuwa, kuma sun fi iya gane abin da ya cancanci a ruga asibiti.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da na magungunan da ake shigowa da su sun yi tashin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai cim musu ba. Tsarin da dukiyar gida ke tafiya kusan iri ɗaya ne: a fara da ajiya da kwasar adashi, a sayar da akuya da hatsin da aka tanada, uwa ta fitar da ɗankunne da kayan ɗakinta, a jinginar da gona, daga nan a koma ga sanarwa a masallaci da gidajen rediyo da Facebook da hukumomin zakka. A lokaci guda kuma shigar kuɗi tana raguwa, domin uwar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinki ta daina, uban da ke cin kasuwa ko aikin ƙodago yana rasa ranakun nema.

Daga nan ne ake samun abin da masana suka kira yanke magani, wanda ƙungiyar likitocin sankarar yara ta duniya ta fassara da ƙin fara magani ko katse shi na mako huɗu ko fiye a jere, kuma yana cikin manyan dalilan mutuwar yara masu wannan cuta a Afirka. Yakan faru ne a daidai lokacin da kumburi ya sace, yaro ya koma wasa, kuɗi kuma suka ƙare, sai dangi su ga babu dalilin ci gaba da wahalar da shi, alhali ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani suna nan, kuma idan suka dawo sun fi taurin kai. Bai dace a kira irin waɗannan iyaye marasa kula ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma uban da ke da 'ya'ya bakwai da damina a gabansa yana yin lissafin da bai kamata a bar wani mahaluki ya yi shi kaɗai ba. Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta zo daga birnin Recife na Burazil, inda wani rahoto da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa yanke magani a tsakanin yara masu sankarar jini ya sauka daga kashi 16 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1, bayan an kafa sashe na musamman tare da tallafa wa iyalai da masauki da kuɗin mota da bin sawun wanda bai zo ba. Iyayen ba su canza hali ba, nauyin ne aka rage musu.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2018 tare da asibitin St. Jude na Amurka yana da burin kai adadin masu warkewa zuwa aƙalla kashi 60 cikin 100 nan da 2030. Gana ta sanar a 2021 cewa inshorar lafiyarta za ta ɗauki nauyin nau'o'i huɗu na sankarar yara, wato ta jini da Burkitt da Wilms da ta ido, yayin da asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta fara aiwatarwa a shekarar ta 2021 ya soma da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, dukkansu cututtukan manya. Masauki mai ɗakuna kaɗan da madafa kusa da asibiti abu ne da attajiri ɗaya ko waƙafin unguwa ɗaya zai iya ginawa, kuma amfaninsa ga yaron da ya fito daga nesa bai gaza na magani ba.

Sauran yaran gida su ne aka fi mantawa da su. Babbar 'ya takan gaji girki da raino tana 'yar shekara goma sha biyu, har ta fara fashin makaranta, ƙanana kuma a rarraba su gidan goggo da na kaka, su ga ana saya wa ɗan'uwansu ƙwai da madara su kuwa ba a ba su, su kasa faɗin abin da ke ransu don kada a ce ba su da tausayi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kishiya takan zama ita ce mai riƙe 'ya'yan abokiyar zamanta na tsawon watanni, abin da ya cancanci yabo, amma kuma kuɗin da ke tafiya ɗaki ɗaya yana iya tayar da tsohon miki idan maigida bai zauna ya yi bayani a fili ba. Shi kansa maigidan, wanda kowa ke tsammanin ya daure, da wuya a sami mai tambayarsa yadda yake kwana.

Yaron da kansa ya san fiye da yadda manya ke zato, domin yana ganin fuskar uwarsa, yana kuma ganin gadon da aka wayi gari babu mai shi. Masu kula da yara sun daɗe da lura cewa wanda aka faɗa wa gaskiya daidai hankalinsa, cewa allurar za ta yi zafi na ɗan lokaci kuma ciwon ba horo ba ne a kan wani laifi da ya yi, ya fi ba da haɗin kai fiye da wanda ake ruɗa da cewa yau ba za a yi masa komai ba. Komawa makarantar boko ko Islamiyya a ranakun da jininsa ya hau tana mayar masa da matsayinsa na yaro a cikin yara, muddin an sanar da malami ya hana tsokana kan sanƙon kai ko idon da aka cire saboda sankara, ya kuma aiko da labari idan ƙyanda ta ɓulla a aji. Addu'a da tofi da sadaka suna ƙarfafa iyali kuma ba sa karo da kemo. Abin da ke karo da shi shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda ke iya illata hanta da ƙodar da magani ya riga ya ɗora wa nauyi, kuma likitan da ke tambaya ba tare da faɗa ba ya fi samun gaskiyar abin da ake ba yaro a gida.

Akwai yaran da cutar ke fin ƙarfin magani, kuma a nan aikin yana komawa kan rage raɗaɗi, inda ruwan mofin da ake sha ta baki, idan an bayar da shi bisa ƙa'ida, yake ba yaro damar yin barci da zama cikin 'yan'uwansa a gida, kuma haƙƙin iyali ne su nemi a rubuta musu shi. Waɗanda suka kammala magani kuwa ba su rabu da asibiti ba, domin ana ci gaba da duba su, da farko kusa-kusa sannan a riƙa tsawaitawa har shekara biyar ko fiye, saboda cutar ta fi dawowa a shekarun farko. Yaron da aka cire wa ƙoda ɗaya yana buƙatar a riƙa auna hawan jininsa, wanda ya yi sankarar ido a duba idanun ƙannensa tun suna jarirai domin wani nau'inta ana gadonsa, wasu magungunan kuma suna iya taɓa zuciya ko haihuwa bayan shekaru masu yawa. Saboda haka ya wajaba iyaye su karɓi takardar da ke ɗauke da sunan cutar da sunayen magungunan da adadin da aka bayar, su adana ta tare da takardun gona da na gida, domin likitan da zai duba wannan yaro yana ɗan shekara talatin zai nemi sanin abin da ya shiga jikinsa yana ɗan shekara biyar.